Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fitilar Mota

Ya ke Fitila,



Na san ba a saba rubuto miki ba, don ko a gareji ba kasafai ake ambatonki ba. Inji yana da ranar juyensa, har a rubuta a takarda a rataye kusa da sitiyari. Taya ana tsayawa wajen mai faci a gwada iskarta. Birki idan ya fara kuka, ko marowaci ya san hanyar bakanike. Ke kuwa ba ki da rana, ba ki da kuka. Haskenki ba ya tafiya lokaci guda. Kaɗan-kaɗan yake raguwa, idon direba yana sabawa da ragin, har shekara ta zagayo mutum yana tuƙi da rabin hasken da ya saya bai sani ba. Ranar da ya farga, abu ɗaya ne ke faɗo masa a rai: a sa masa ƙwai mai ƙarfi. A kan wannan na ɗauki alƙalami. Yawancin abin da ke damunki ba ƙarancin ƙarfi ba ne, datti ne da tsatsa da rashin saiti, kuma maganin da muke sayo miki shi ne ke kashe idon wanda ke tahowa.

Kafin ƙorafi, bari in ba ki girmanki, don kin girme mu duka. Kakanninki wuta ce ta gaske: ruwa yana ɗiga a kan kabayid irin na masu walda, iskar da ta tashi a ƙyasta mata ashana. A 1912 kamfanin Cadillac ya haɗa ki da batir da abin tayar da inji a tsari guda, aka huta da ashana. Ƙwan halojin na farko na mota, H1, ya fito a Turai a 1962, H4 ya biyo baya a 1971, shi ne har gobe yake cikin tsofaffin tasi da bas-bas ɗinmu. BMW ta kawo zenon a 1991, Lexus ta kawo LED a 2007. Amma in za a tambaye ni, babu ci gaban da ya kai wanda aka samu a tsakiyar shekarun 1920, lokacin da Osram ya fitar da ƙwan Bilux mai zare biyu a ciki, ɗaya na ful, ɗaya na dim. Zare na biyun nan bai ƙara wa mai mota ganin komai ba, rage masa ma ya yi. Don baƙon da ke tahowa daga ɗaya hannun aka yi shi. Tun shekara ɗari ke nan masu ƙera ki suka yarda cewa rabinki na mai mota ne, rabinki na wanda bai saye ki ba. Mu ne dai har yanzu ba mu sa hannu a yarjejeniyar ba.

Mu fara da fuskarki. Waɗanda suka yi zamani da Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, sun san ki da gilashi na ainihi. Tsakuwa na iya fasa shi, amma rana ba ta yi masa komai. Motocin da ke shigo mana yanzu ta Kwatano da Legas kuwa robar polikabonet ce a fuskarsu, mai sauƙin nauyi, mai wuyar fashewa, an shafe ta da wani siririn rufi mai kare ta daga zafin rana. Rufin nan ba ya dawwama ko a ƙasashen sanyi, balle a Sakkwato ko Maraɗi, inda mota ke wuni a fili daga hantsi zuwa la'asar. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa, yaron gida ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya goge ki da ƙarfi don ya burge maigida, bai san kankare ki yake yi ba. Rufi ya tafi, roba ta yi rawaya, ta yi dishi-dishi, ki koma kamar idon da yana ta rufe: ƙwan ciki lafiya lau, amma haske ya rasa hanyar fita. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Wanda ya sa sabon ƙwai a bayan irin wannan fuska ya ƙara kuɗi ne, bai ƙara gani ba. Abin da ya ƙaru shi ne hasken da ke watsewa sama da gefe.

Gyaran ba wani tashin hankali ba ne. A zagaye ki da salatif don kada a taɓa fenti, a jiƙa sanfefa da ruwa, a fara da mai ɗan kaushi kamar lamba 800, a bi da 1500, a ƙare da 3000, a goge da man sheƙi. Sai kuma abin da kusan kowa ke tsallakewa: a sake fesa miki rufin kariya daga rana. In ba a yi ba, kyan na 'yan watanni ne, ki koma rawaya fiye da da, don yanzu tsirara kike. Man goge baki da ake ta yayatawa yana yi, amma na ɗan lokaci. Masu shafa miki man birki kuwa, Allah ya shirye su. Kina ƙyalli a wurin wankin mota, a biya kuɗi, kafin sati ya zagayo robar ta fara tsattsagewa.

Daga fuska sai jijiya. Ƙwan halojin yana da tsananin kula da abin da ake ba shi. In wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. In ta haura da kashi 5, kwanansa na raguwa da kusan rabi. Ke nan motar da fitilarta ke ja-ja kamar za ta mutu, sau da yawa ba ƙwai ne ya gaji ba. Soket ne ya yi tsatsa, ko wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota ta saki, ko an taɓa yanke waya an murɗe ta da hannu an naɗe da leda. Motar da kuma ke cinye ƙwai duk wata biyu, a binciki cajinta. Inji na aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5, kuma duk mai wayarin na ƙwarai yana da mitar da za ta faɗa masa haka cikin minti ɗaya. In ya ce ba ya bukatar mita, da ido yake ganewa, a gaishe shi a ƙara gaba.

Canjin ƙwan kansa aiki ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gida, a yawancin motocin da muke hawa. A kashe mota, a bar ki ki huce, don ƙwan halojin na ƙona yatsa. A zare soket, a cire murfin roba na baya, a saki ɗan ƙarfen da ke danne ƙwan. A karanta lambar da ke gindinsa a sayo irinta, ba mai kama da ita ba: Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana cin 9006 a dim, 9005 a ful, Camry ta 2007 zuwa 2011 tana cin H11 a dim, motocin Turai da yawa H7 ko H4. Lambobin nan ba ado ba ne. Kowace tana nufin zaren ƙwan zai zauna a wani takamaiman wuri a tsakiyar madubinki, kuma kaucewar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta ɓata zubin hasken gaba ɗaya. H4 yana da kunnuwa uku, hanya ɗaya tak yake zama. Na sha tsayawa a gareji ina kallon yaro ya karɓi sabon ƙwai da hannu duk baƙin mai, ya kama shi ta kwalbar, ya cusa, ya ƙi shiga, ya lanƙwasa kunne ɗaya da filaya, ya shiga. Laifi biyu a numfashi ɗaya. Maiƙon yatsa a jikin kwalbar yana tara zafi wuri guda har ta kumbura ko ta fashe, shi ya sa ake kama ƙwai ta gindinsa ko da tsumma mai tsabta. Ƙwan da ya zauna a karkace kuwa yana ci, maigida ya ga haske ya biya, amma hasken na kan rassan bishiya.

Sai murfin robar nan na baya, wanda ake mantawa a kan injin ko a jefar don ya yi wuyar mayarwa. Ta nan ƙura ke shiga da rani, ruwa ya shiga da damina, madubin ciki ya dushe. Shi kuwa madubin ba a goge shi, don abin da ke sa shi ƙyalli ɗan hucin alminiyam ne da tsumma ke iya kwashewa. In ya tafi, sai dai a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wata fitilar. Kuma a canza ƙwai biyu tare. Tare suka fara aiki, wanda ya rage ya riga ya dushe, kwanansa ma ya kusa. A ajiye shi a aljihun mota don ranar tsautsayi. Mai zenon dai kada ya sa hannu da kansa, don wutar da ke tayar da shi ta haura bolt 20,000.

Ba zan daɗe a kan mota mai ido ɗaya ba, don babu wanda bai san ta ba. Kana tafe da dare tsakanin Zariya da Funtuwa, ka hango haske guda, ka ce babur ne, ka ba shi hanyar babur. Sai kun zo gab da juna ka tarar bas ce cike da mutane, kuma idon da ya mutu shi ne na ɓangarenka. Kuɗin ƙwan bai kai na man da direban ya sha a wannan tafiyar ba.

Inda nake so mu zauna sosai shi ne saiti, don nan ne ake zaluntarki, nan ne kuma ake zalunci da ke. Dim ɗinki ba ragin haske ba ne kawai, haske ne mai iyaka. In aka haska bango da shi za a ga layi: ƙasa haske, sama duhu. A fitilun Turai layin yana miƙe ta hagu, sai ya ɗaga ta dama. Hikimar ita ce ɓangaren da mota ke tahowa ya zauna ƙasa da idon direbanta, ɓangaren gefen hanya kuma ya yi nisa, ya kamo mai tafiya a ƙasa da mai keke da saniyar da ke shirin tsallakawa. Wannan zubi na ƙasashen da ke tuƙi ta hannun dama ne. Najeriya ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Gana ta biyo a 1974, Nijar kuwa can ma a dama take. Amma Ingila da Japan suna hagu har yau, fitilunsu ta hagu suke ɗagawa. Motar da aka shigo da ita daga can aka juya mata sitiyari aka bar mata fitilunta, ko wadda aka yi karo aka sayo mata fitilar Beljiyam ba a duba daga inda ta fito ba, tana zuba mafi ƙarfin haskenta daidai fuskar mai tahowa, ta bar gefen hanya a duhu. Direbanta yana kan dim, yana mamakin me ya sa kowa ke watsa masa ful.

Gwajin kuwa ba ya bukatar na'ura. Bango, da fili mai daidai, da gawayi. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango. A ja mota baya mita 10, kimanin taku goma sha uku, tayoyi da iskarsu daidai, mutum yana zaune a kujerar direba. A kunna dim. A jikin fitilun Turai akwai ɗan rubutu, 1,0% ko 1,2%, wanda ke nufin layin hasken ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 ko 12. In ya haura alamar, kana kashe wa mutane ido. In ya yi ƙasa ƙwarai, bambarka kake haskawa. A bayanki akwai kusoshi biyu na juyawa, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya dama da hagu, sukudireba kawai suke jira. Aikin minti goma sha biyar ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a nan bai sani ba, a nemo gawayi. Ya kamata a yi wannan bayan kowane canjin ƙwai, bayan mai gyaran jiki ya cire ki ya mayar, da bayan an canza shokozoba. Abin da na fi gani bayan ɗan karo shi ne a ɗaure ki da wayar ƙarfe don kunnenki ya karye, kina rawa a kowane rami.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar taya kusa da sitiyari a motocin Turai, mai lamba 0, 1, 2, 3, wadda direbobi da yawa suka ɗauka ta hasken dashbod ce. Taki ce. Idan aka cika Golf da buhunan albasa har but ya ƙi rufuwa, aka ɗora fasinja huɗu a baya, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, dim ɗinki ya koma ful ba tare da an taɓa komai ba. Tayar nan ita ke sunkuyar da ke. Waɗanda suka ƙera ta iyali da jakunkunan hutu suke tunani. Da sun ga lodin ranar kasuwar Dawanau, da sun ƙara lambobin.

Yanzu ga abin da ya cika kasuwa. Direba ya ga ba ya gani, bai wanke fuskarki ba, bai duba waya ba, bai je bango ba, ya ce a ba shi mai ɗari. H4 na ƙa'ida wat 60 ne a ful, 55 a dim. Mai 100/90 yana jan wutar da wayoyin motar ba a yi su don ita ba: soket ya narke, makunni ya ƙone, madubi ya yi baƙi. Da wannan ya fara tsufa sai ga ƙwan LED mai fanka a gindi, kwalinsa ɗauke da alƙaluman haske da ko mai sayarwa bai yarda da su ba. Ba ni da faɗa da LED. Wadda aka ƙera tun daga kamfani, da madubinta da gilashinta da aka auna don ita, fitila ce mai kyau, layinta a bango kamar an ja da rula. Faɗana da cusa ƙwan LED a gidan da aka gina don zaren halojin. Zare siriri ne, yana haskawa ta kowane gefe. LED fale-fale ne a jikin allo, suna haskawa ta fuska biyu, sau da yawa ba daidai inda zaren yake ba. Madubi ya karɓi haske daga inda bai zata ba, ya watsa shi ko'ina. Mai motar yana ganin gabansa fari fat, mita goma na farko kamar rana, ya ji daɗi. Bai san wannan farin na kusa yana tsuke masa ƙwayar ido ba, yana rage masa hangen nesa, inda haɗarin yake. A cikin hazon Disamba kuwa, farin nan mai shuɗi-shuɗi dawo masa yake yi a fuska. Araha ba ta ado, ballantana wannan ba ma araha ba ce.

Shi kuma na ɗaya hannun, da me zai rama? Ya je ya sa nasa, ya ƙara da dogon sandan LED a kan bamba. Manyan motoci sun jera shida a goshi, Adaidaita Sahu ma ta samu nata. Kowa yana ƙara haske don kowa ya ƙara, kuma duk mun fi da rashin gani. Idon da aka dalle yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo, na dattijo ya fi na saurayi jinkiri. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na makanta sun haura mita 80, an yi su da addu'a kawai. A cikin mita 80 ɗin nan ne tirelar da ta lalace take tsaye ba fitila, an jera mata ganye a kwalta. A nan amalanke yake, a nan mai babur marar jan wutar baya yake, da mutanen ƙauye masu dawowa daga sallar isha.

A nan dole in faɗi iyakarki, don kada a ɗora miki abin da ba ki yi alkawari ba. Dim mai lafiya, mai saiti, yana nuna hanya kimanin mita 50 zuwa 60. Tsayar da mota daga gudun 100, in aka haɗa da lokacin da direba zai gani ya taka birki, yana cin fiye da mita 80 a busasshiyar kwalta. Lissafin bai haɗu ba, kuma babu ƙwan da ake sayarwa da zai haɗa shi. Ƙafar dama ce kawai za ta iya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta daɗe tana jan kunne a kan tafiyar dare. Amma mai tumatir da ke son isa Legas kafin kayansa su ruɓe ba zai kwana a hanya ba, direban haya ma haka. Tun da za a yi tafiyar, to a yi ta da fitila biyu masu kallon inda ya kamata. Da masu duba lafiyar motoci za su samu bango guda a kowace tasha, su ja masa layi da fenti, su ce kowace motar haya ta haska shi kafin ta yi lodin dare, da an rage abin da tara ba ta rage ba.

Na ji labarin jikokinki. Tun 2013 Audi ta fitar da fitila mai ƙananan LED da yawa da kyamara, wadda ke barin ful a kunne amma ta kashe daidai yankin da motar gaba take, Amurka ma ta halatta irinta a 2022. Abin sha'awa ne, na'ura ta karɓi ladabin da direba ya ƙi koya. Sai dai irin waɗannan ba a canza musu ƙwai. In abu ɗaya ya mutu a ciki, fitilar ake cirewa ɗungurungum, sabuwar kuma sai an haɗa ta da kwamfutar mota kafin ta yi aiki, kuɗinta na iya sayen babur. Nan da shekara goma waɗannan motoci za su sauka a Kwatano da tsufansu, su iso garejin da ake lanƙwasa kunnen H4 da filaya. Ina jin tsoron ranar da yaron nan zai fasa bayanki da zarto don ya samu inda zai cusa mai fanka. In kina da hanyar isar da saƙo ga masu ƙera ki, ki ce musu su bar mana ƙofa a baya da kusoshin saiti guda biyu, su kuma rubuta lambar abin da ke ciki inda mai tocila zai iya karantawa.

Ki gaida 'yan uwanki na baya, jajayen nan, su ma wasiƙarsu na nan tafe.

Wassalam.

Naki,
Wani mai yawan tafiyar dare